Murucin Bisa: Asalinsa a Ilimin Tsirrai da Dalilin Sanya Shi Cikin Masu Fuskantar Barazana

A cikin tsirran da ke zama a kan itatuwa a dazuzzukan Najeriya akwai wanda ba a cika lura da shi ba sai ya yi fure. Yakan yi curi a mararrabar manyan rassa ko a wuyan itatuwan dangin giginya da goruba, karansa a tsaitsaye, siraran saiwoyinsa farare suna miƙewa sama maimakon su gangara ƙasa. Idan lokacinsa ya yi sai ya saki doguwar zangarniya mai rassa, wadda kan ɗauki furanni da dama, wani lokaci har kusan 100, rawaya ko rawaya mai sirkin kore, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a jikinsu. Masana tsirrai na kiransa Ansellia africana. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya kuma ya wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta masa sunaye biyu daga bakin Hausawa: murucin bisa, saboda karansa ya ɗauko siffar murucin giginya, da kuma manta uwa. Wannan na biyun daga harkar maganin yaye ya fito, kuma ba shi kaɗai ake kira da shi ba, akwai wasu tsirran dabam masu amsa sunan. Don haka duk maganar kariya da za a yi, da sunan kimiyya ake ɗaure ta.

Tun 2013 sunansa yake cikin Jan Kundi na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, a matakin da ake yi wa alama da haruffan VU, matakin halittun da ke fuskantar babban haɗarin ƙarewa a daji. Wanda ya duba taswirar yaɗuwarsa zai yi mamaki, domin ana samunsa tun daga Afirka ta Yamma, ya ratsa Kamaru da Kwango da Yuganda da Kenya da Tanzaniya, har ya dangana da Namibiya da gabashin Afirka ta Kudu. To, me ya kai tsiron da ya mamaye rabin nahiya cikin wannan kundi? Ba a gane amsar sai an san yadda aka yi aka tattara shi a ƙarƙashin suna guda, da kuma abin da IUCN take aunawa kafin ta yanke hukunci.

Ba kauci ba ne

Kuskuren da ya fi saurin afka wa wanda bai san shi ba shi ne ya ɗauke shi kauci. Manomi ya san kauci sarai: tsuntsu ne ke kawo irinsa mai danƙo ya manna a reshen ɗorawa ko kaɗanya ko lemo, ya tsira ya huda ɓawo, ya shiga naman itacen yana zuƙar ruwa da sinadaran da itacen ya jawo daga ƙasa. In ya yi yawa reshe ya bushe, shi ya sa sare kauci gyara ne. Murucin bisa kuwa wurin zama kawai ya ara. Saiwoyinsa iri biyu ne. Akwai masu kauri da ke manne a bayan ɓawo ba tare da sun huda ba, su ne ke riƙe da shi. Akwai kuma siraran nan masu kallon sama, waɗanda ke haɗuwa su zama kwando, busassun ganye da ƙura da kashin tsuntsaye su faɗa ciki su ruɓe, ya zama takinsa. Kowace saiwa tana lulluɓe da farin ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta mai tsotse ruwan sama da raɓa nan take. Abin da ya tsotsa sai ya adana a cikin karansa mai gaɓa-gaɓa, wanda kan kai tsawon santimita 50 zuwa 60, wani lokaci ya zarce. Da wannan ajiya yake ƙetare rani.

Bambance su ba shi da wuya. Kauci yana da rassa masu ƙarfi na itace, gindinsa ya kumbura ya haɗe da reshen da ya hau, furensa siriri ne dogo, galibi ja. Murucin bisa ba shi da itace a jikinsa ko kaɗan, ganyensa dogaye ne masu naɗi-naɗi, jijiyoyinsu na tafiya a jere daga gindi zuwa tsini, kuma in ka ɗaga gefen curin za ka ga ɓawon itacen lafiya lau a ƙarƙashinsa.

Matsayinsa a cikin dangi

Masana na jera tsirrai mataki-mataki, daga babban taro zuwa ƙarami. Murucin bisa yana cikin taron da gero da dawa da giginya suke. A cikin taron yana rukunin Asparagales, tare da albasa da tafarnuwa. Danginsa shi ne Orchidaceae, dangin okid, mai nau'o'i kimanin 28,000 a gidaje fiye da 700 (gida a nan shi ne ƙaramin rukuni na nau'o'i makusanta), ɗaya daga cikin dangogi biyu mafi girma a tsirrai masu fure. Banilar da ake sa wa kek da askirim daga 'ya'yan wani ɗan wannan dangi ake samunta.

Fure ne ke tabbatar da cewa tsiro okid ne. Ganyen furen shida ne, uku a waje, uku a ciki, kuma ɗaya daga na cikin ya sha bamban da sauran: shi ake kira leɓe, a kansa ƙwaro ke sauka. A murucin bisa leɓen ya rabu gida uku, na tsakiya rawaya ne, da tudu-tudu biyu ko uku a tsawonsa. A tsakiyar furen, sashen namiji da na mace sun haɗe sun zama ginshiƙi guda. Bununinsa ba gari ba ne da iska za ta kwasa, a dunƙule yake, ƙwaro ke ɗaukar dunƙulen gaba ɗaya a jikinsa ya kai wani furen. Mahaifar iri tana ƙarƙashin furen, kuma kafin ya buɗe yakan murɗa da digiri 180 domin leɓen ya dawo ƙasa.

An raba dangin okid zuwa manyan rassa biyar. Murucin bisa na cikin mafi girmansu, Epidendroideae, a zuriyar Cymbidieae. Daga nan ne aka yi ta sauya masa wuri. An daɗe ana ajiye shi kusa da gidan Cymbidium na Asiya da Ostireliya, domin sun yi kama, har masu renon furanni sun yi nasarar haɗa su aure suka sami ruwa-biyu. Da binciken DNA ya zo sai ya nuna jininsa ya fi kusa da gidan Eulophia, kuma tsarin da masanin tsirrai Mark Chase da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya sanya shi a ɓangaren Eulophiinae. Wannan ya kawo shi kusa da gida, domin 'yan Eulophia su ne okid ɗin ƙasa da ke ɓullowa a dazuzzukan ciyayi na Afirka ta Yamma da farkon damina, irin su Eulophia cristata mai fure ruwan hoda da shuni, wanda kan yi fure kafin ganyensa ya fito.

Gidan Ansellia kuwa mutum ɗaya ne a cikinsa, africana. In ya ƙare, gidan ne ya rufe baki ɗaya, ba wani ɗan'uwa na kusa da zai ci gaba da ɗaukar siffofinsa.

Yadda sunaye da yawa suka koma ɗaya

Sunan Ansellia ya samo asali ne daga tafiyar da Ingila ta shirya zuwa kogin Kwara a 1841 da jiragen ruwa uku masu tururi, tafiyar da ta yi yunƙurin kafa gona a wajen Lakwaja. A cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya yi suna wajen nazarin harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, sauran suka janye zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko a ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma a can masanin tsirran ayarin, Theodor Vogel, ya rasu. Mataimakinsa John Ansell, ma'aikacin lambu, shi ya ɗebo tsiron a tsibirin, a jikin kwakwar manja. A 1844 masanin tsirrai na Ingila John Lindley ya bayyana shi a rubuce ya raɗa wa gidan sunan Ansell.

Bayan haka sai samfura suka riƙa isa Turai daga sassa daban-daban, kowanne da kamanninsa. Na kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ganyen furensu ya fi faɗi, tabonsu manya ne masu duhu, wasu har kusan su rufe rawayan. Na kudanci da gabashi sun fi sirantaka da haske, ɗigonsu ƙanana, wasu ma rawaya ne zalla. Masana na lokacin suka ɗauka nau'o'i ne dabam-dabam. Bajamushe Reichenbach ya raɗa Ansellia gigantea a 1847. A 1886 aka sami Ansellia congoensis da Ansellia confusa da Ansellia nilotica. Da sunan congoensis Dalziel ya rubuta na ƙasar Hausa. Sai da samfura suka taru da yawa aka jera su gefe da gefe aka ga babu iyaka a tsakaninsu: duk siffa biyu da ka ɗauka, akwai na tsaka-tsaki da ke haɗa su, wani lokaci a daji guda. Aka mayar da su nau'i ɗaya. Ƙa'idar raɗa sunayen tsirrai ta ce wanda ya riga fitowa bisa ƙa'ida shi ke tsayawa, don haka sunan Lindley na 1844 ya ci, sauran suka zama tsofaffin sunaye. Mai bincike a tsofaffin takardu dole ya nemi kowannensu, in ba haka ba zai tsallake rabin bayanan da ke akwai.

Haɗewar daidai ce a kimiyyance, amma tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. IUCN nau'i take aunawa. Da a ce waɗancan sunaye suna nan, da kowanne an auna shi a kan ƙasarsa, mai ƙaramin yanki ya fito fili da wuri. Yanzu hukunci ɗaya ne ya rufe nahiya duka. Ana iya rasa duk wanda ke Arewacin Najeriya, tare da halayen da ya gada na jure dogon rani da hunturu, matakinsa na duniya bai motsa ba. Shi ya sa ya kamata a kula da na kowane yanki a kan kansa, kuma kada a taɓa ɗaukar wanda aka sayo daga lambunan wata ƙasa a dasa a dajinmu da sunan farfaɗowa.

Abin da IUCN take aunawa

An kafa IUCN a 1948, hedikwatarta na Gland a ƙasar Suwizalan, Jan Kundin kuma ya fara a 1964. Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu na 2001 ne, kuma matakai tara ne. A can sama akwai EX, wanda ya ƙare ƙaf, da EW, wanda ya ƙare a daji sai a hannun masu reno. Sai matakai uku na barazana: CR mafi tsanani, EN na biye, sannan VU. Ƙasa da su akwai NT, wanda ya kusa shiga barazana, da LC, wanda babu fargaba a kansa yanzu. Biyun da suka rage, DD da NE, su ne ake yawan yi wa gurguwar fahimta. DD na nufin an duba amma bayanan ba su isa a yanke hukunci ba, NE kuma ba a duba ba tukuna. Ko ɗaya ba ya nufin lafiya. Okid ɗin da aka auna a kundin ba su kai kashi 1 cikin 10 na dangin ba.

Ƙofofin shiga matakan barazana biyar ne, daga A zuwa E, kuma cika sharaɗin guda ɗaya ya wadatar. Ƙofar A raguwa take dubawa. Idan abin da ke jawo raguwar bai tsaya ba, asarar kashi 30 cikin 100 tana kai nau'i VU, kashi 50 EN, kashi 80 CR, a cikin shekara 10 ko tsatso uku, duk wanda ya fi tsawo. Tsatso a nan shi ne matsakaicin shekarun iyayen da suka haifi sababbin tsirran da ke tasowa, don haka ga tsiro mai tsawon rai awon yakan kai shekaru gommai. Ƙofar B ƙanƙantar ƙasa take dubawa, ta hanya biyu. Ta farko, a zagaye duk wuraren da aka gan shi da layi a auna abin da ke ciki: ƙasa da murabba'in kilomita 20,000 VU ne, ƙasa da 5,000 EN, ƙasa da 100 CR. Ta biyu, a shimfiɗa wa taswira gidaje masu kilomita 2 tsawo da 2 faɗi, a ƙirga waɗanda yake ciki, kowanne murabba'in kilomita 4: ƙasa da 2,000 VU, ƙasa da 500 EN, ƙasa da 10 CR. Ƙanƙantar ita kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da biyu daga cikin sharuɗɗa uku: warwatsewa ko ƙarancin wurare, raguwa mai ci gaba, da hawa da sauka mai tsanani. Ƙofar C ta ƙananan adadi ce masu raguwa, ƙasa da manyan tsirrai 10,000 VU, ƙasa da 2,500 EN, ƙasa da 250 CR. Ƙofar D ta adadin da ya yi ƙanƙanta ainun ce, ƙasa da 1,000 VU, ƙasa da 250 EN, ƙasa da 50 CR. Ƙofar E lissafin yiwuwar ƙarewa ne.

Murucin bisa ba zai shiga ta faɗin ƙasa ba, domin yankinsa miliyoyin murabba'in kilomita ne. Saurin asara ne ya shigar da shi. A misalce, dajin da ke da curi 1,000 ya koma 700 ya yi asarar kashi 30, ko da yake mai wucewa zai ga har yanzu akwai shi. Wannan shi ne amfanin ƙofar A: tana kama matsala tun abin yana da yawa, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Mai duba kundin ya kula da shekarar da aka yi awon. Duk wanda ya haura shekara 10 ana ɗaukarsa yana buƙatar sabuntawa. Akwai kuma ƙa'idar awon ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya, mai ƙarin matakin RE na wanda ya ƙare a yankin alhali yana nan a wani wuri. Wannan awo na gida shi ne zai faɗi gaskiyar halin da namu yake ciki.

Dalilin da ya sa ba ya saurin dawowa

Abu biyu ke cinye shi: ɗiba da asarar itatuwa. A kudancin Afirka ana ɗibarsa don magani, Zulu na amfani da shi wajen neman farin jini da korar munanan mafarkai, masu sha'awar furanni kuma na sayensa don ado. Mai ɗiba yakan ɓamɓare curin gaba ɗaya, in ya yi masa nisa ya sare reshen ko itacen. A ɓangarenmu sarar manyan itatuwa don gawayi da katako da sassabe, da gobarar daji ta ƙarshen rani mai lasar rassa, su ne ke rushe mazauninsa. Madobiya, alal misali, an sare ta sosai don fitarwa waje har aka sanya ta ƙarƙashin kariyar cinikin ƙasa da ƙasa daga 2017.

Abin da ya sa asarar ke da zafi yana cikin irinsa. Kwanson okid guda yana ɗauke da iri daga dubbai zuwa miliyoyi gwargwadon nau'i, amma kowace ƙwaya ƙura ce, ba ta da guzurin abinci irin wanda ƙwayar masara ko wake ke da shi. Ba za ta tsira ba sai wani fangas, dangin funfuna da naman kaza, ya shige ta ya ciyar da ita har ta zama ɗan ƙullutu, sannan ta fitar da ganye da saiwa. Bafaranshe Noël Bernard ne ya gano haka a 1899. Ke nan sai iri ya faɗa a kan ɓawon da ya dace, mai danshi, mai fangas ɗin da ya dace, ya tsallake ranin farko, sannan ya yi shekaru kafin furen fari. Tsohon itace mai kaushin ɓawo da manyan mararraba ne ke tara waɗannan sharuɗɗa. Dashen sababbin itatuwa alheri ne, amma dogon yaron da aka dasa bana ba zai maye gurbin tsohon itacen kurmi ba.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ita ke tsara cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Dangin okid gaba ɗaya yana cikinta, saboda jami'in kwastan ba zai iya bambance nau'i da nau'i ba idan babu fure. 'Yan kaɗan, irin su gidajen Paphiopedilum da Phragmipedium, suna jerin da yarjejeniyar ke kira Rataye na 1, inda aka hana cinikin na daji. Sauran, har da murucin bisa, suna Rataye na 2: ana iya fitar da su, amma sai da takardar izini, wadda ba a bayarwa sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar fitarwar ba za ta cutar da na daji ba. An keɓe iri, da 'yan tsirran da aka rena a rufaffiyar kwalba a ɗakin gwaji, da yankakken furen wanda aka noma.

A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ba da izinin, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ke sa ido kan bin doka. Wanda zai fita da tsiron ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana buƙatar wannan izini, da kuma takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta NAQS. Ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Sai dai a lura, matakin VU ba doka ba ne, bayani ne na masana, CITES kuma iyakar ƙasa kawai ta tsare. Curin da aka ɓamɓaro daga wani daji aka kawo kasuwa a cikin gida bai tsallaka iyaka ba. Wannan ya rage ga dokokin gandun daji na jihohi da na wuraren da aka killace, da kuma hankalin mai saye.

Inda hannun mutumin Kano ya shiga

Birnin Kano na taɓa wannan lamari ta gawayi da itacen girkin da motoci ke shigowa da su daga dazuzzuka masu nisa, ta kasuwar magani da ta furanni, da kuma ta jami'o'insa. Na ƙarshen ne ya fi buƙatar bayani, domin awon gida ba ya yiwuwa sai da ƙidaya.

Wuraren da ya dace a fara dubawa su ne kurmin bakin rafuka da tsofaffin itatuwa a kudancin jihar, wajen Tudun Wada da Doguwa inda dajin Falgore yake, domin can ruwan sama ya fi yawa. A nemi izinin hukumar gandun daji, a gaida dagaci, a tafi da mafarauta ko masu ɗiban zuma, su ne suka saba kallon saman itatuwa. A je lokacin fure, da tabarau mai hangen nesa. Kowane itacen da aka samu a ba shi lamba, a ɗauki wurinsa da GPS, a rubuta sunansa da kaurinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, da yawan curin da ke kansa, da ko suna da fure ko kwanso, da ko akwai ƙanana masu tasowa, da alamar sara ko ƙuna. Ƙananan nan su ne muhimmin labari: wurin da manyan curi suke babu ɗa ko ɗaya, tsufa kawai yake yi. Badi a dawo a lokaci guda a bi itatuwan nan dai. Ƙidaya ɗaya ba ta nuna raguwa.

Kurakurai uku ne ke ɓata irin wannan aiki. Wani ya ƙirga kara a bana, wani ya ƙirga curi badi, lissafi ya watse, don haka a tsayar da abin ƙirgawa tun farko a rubuce. Wani ya ɗauki wurin da aka ɗebo samfuri shekara 70 da suka wuce ya sa a taswira kamar yana nan, alhali wurin ya zama gona, sai yankin ya kumbura a takarda. Wani kuma ya sa hoto a Facebook da sunan ƙauye da kwatancen itace, ya yi wa masu ɗiba jagora. Ainihin wurin a bar shi a ma'adanar masana.

Samfurin shaida kara ɗaya ne mai ganye da ɓangaren zangarniya, daga babban curi. A tsaga karan biyu a tsaye a rage naman ciki kafin a danne shi a tsakanin jaridu, in ba haka ba zai ci gaba da rayuwa a cikin matsi, ganye su zube ko ya ruɓe. A riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe. Furanni biyu ko uku a sa su a kwalba cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 da ɗan gilisarin, domin busasshen fure yana rasa siffar leɓe da ginshiƙi, a kuma rubuta launinsu tun suna ɗanye, don sifirit na wanke launi. Ɗan yankin ganye a sa shi a ƙwayoyin silika masu shanye danshi saboda gwajin DNA. A ajiye ɗaya a ma'adanar busassun tsirrai ta Jami'ar Bayero, a aika wani Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko babbar ma'adanar Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Mai saye kuma zai iya gane na daji da ido. Saiwoyinsa a yayyage suke, da ɓarɓashin ɓawon itace manne a gindi, ganye da cizon ƙwari da tabon rana. Wanda aka rena saiwarsa ta bi siffar tukunyar da ya tashi a ciki. Na dajin ba abin saye ba ne, kowane ciniki ɗaya na aika mai ɗiba ya koma.

Wanda ya riga ya mallake shi zai iya yawaita shi ba tare da ya taɓa daji ba. Ana raba curi ne lokacin da sabon toho ya fara fitar da saiwa, kowane kaso da kara 3 ko 4 aƙalla, domin tsofaffin ke ciyar da sabon. A ƙona bakin wuƙa da wuta kafin kowane yanka don kada a yaɗa cuta, a bar wurin yankan ya sha iska kwana ɗaya. Kada a sa shi a ƙasa ko taki, saiwar na buƙatar iska, in ta zauna a jiƙe sai ta yi baƙi ta ruɓe. Tukunyar ƙasa mai huji da yawa, cike da gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon itace, ita ce daidai, a ɗaure shi kada ya yi motsi, don motsi na karya kan sabuwar saiwa. Yana son haske sosai, a inuwa mai duhu ba ya fure, amma ranar tsakar Afrilu da ke kai digiri 40 tana ƙona ganye, sai a ba shi ranar safe da inuwar raga da rana. Da damina ruwan sama ya wadatar, illa a watan Agusta a tabbatar tukunyar na tsiyayewa. Da hunturu a rage ban ruwa ya huta, a riƙa yayyafa wa kewayensa ruwa da safe, in kara ya fara yamutsewa sosai a shayar da shi. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yana barin farin tabo a tukunya yana ƙona kan saiwa, don haka a tara ruwan sama. Takin zamani na ruwa a ba shi kashi 1 cikin 4 na abin da aka rubuta a kwalba, lokacin girma kawai.

Hanyar samun dubbai kuwa ta ɗakin gwaji ce. Tun 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna irin okid zai tsira ba fangas in aka ba shi sukari da sinadarai a kwalba mai tsafta. Ana zuba sukari kimanin giram 20 a lita ɗaya tare da sinadaran da abin daskararwa, a dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. An fi son kwanson da ya ƙosa amma bai fashe ba, domin irin da ke ciki a tsaftace yake, bayan kwanson kawai za a wanke da ruwan bilic. Funfuna ce babbar matsala, ƙwaya ɗaya in ta shiga za ta rufe kwalbar cikin 'yan kwanaki. Mataki na biyu mai kisa shi ne fitarwa daga kwalba, don 'yan tsirran sun saba da danshi cikakke, a Kano kuwa sai a daidaita fitar da su da farkon damina, a wanke musu abin daskararwar tas, a buɗe musu iska kaɗan-kaɗan cikin makonni. Kowace kwalba a rubuta mata dajin da uwarta ta fito, domin wanda za a mayar daji sai wanda asalinsa na wannan dajin ne.